Minti Goma a Barandar Su Shiuli

Tofazzal bai taɓa shan kashi a ƙwallon waya ba. Ɗan yayar mahaifiyata ne, don haka ba zan yi masa ƙarya ba. Shekara uku muna buga gasar Juma'a ta birnin Khulna, mu arba'in da 'yan kai, kowa daga ɗakinsa bayan an sauko daga masallaci an ci shinkafa, kuma babu wanda zai nuna maka ranar da aka tashi wasa Tofa Bhai, wato Yaya Tofa kamar yadda muke kiransa, yana ƙasa. Wuta dai ake yawan ɗauke masa.

Muna da doka tun ranar da aka kafa gasar. In aka ɗauke wa mutum wuta, na'urar intanet ɗin gidansa ta mutu, wasa ya yanke, to ba a lissafa wannan wasan, sai a sake shi wata rana. Dokar tausayi ce, domin babu wanda bai taɓa zama cikin zufa yana zagin fankar da ta tsaya ba. Sai dai wutar unguwar Boyra, inda yake zaune, tana da wani irin hankali na musamman. Ba ta tafiya in Tofa Bhai yana gaba da ci biyu. Sai an zura masa uku, agogon wasa ya doshi minti na saba'in, sannan take tuna tana da wani uziri.

Duk mun sani. Babu dai wanda ya faɗa, saboda shi ne babba, shi ne kuma mai yi mana wa'azi.

Wa'azinsa ɗaya ne: gudu aikin jahilai ne, dabara ita ce ƙwallo. Ni salona ba ɓoyayye ba ne. Ina da 'yan gefe biyu masu gudu kamar an biyo su da sanda, ina cilla musu ƙwallo, su kuma su yi abin da aka halicce su dominsa. Shi kuwa sai ya yi fasin arba'in tsakanin 'yan bayansa kafin ya tsallaka tsakiyar fili, har ka fara tunanin ko ka ɗora shayi.

"Shohag," yakan ce mini, "wannan abin da kake yi ba ƙwallo ba ne, tseren awaki ne. Danna maɓalli ɗaya ka runtse ido, ai ko Ammu, tsohuwata, za ta iya."

Akwai wani ɗan tsakiya da yake ji da shi, mai sanƙo, mai wuya kamar turmi, wanda katinsa na cikin wasan ya nuna gudunsa arba'in da uku cikin ɗari. A shagon shayin Mojid, Tofa Bhai yakan ɗaga wayar sama ya nuna wa jama'a katin.

"Ku dube shi. Ba fuska, ba gudu. Ku da kuke kallon waje ba za ku saye shi ba. Amma ku buɗe ciki ku ga hangen nesa, ku ga natsuwa. Kyawun ciki ke nan, jama'a. Shi ne abin da zamanin nan ya rasa."

Mai wannan maganar kuwa takardun neman aure goma sha ɗaya ya mayar. Kowace ta zo da hoto, da tsawo, da launin fata, da karatu, da aikin uba da na kawu, a jere tsaf kamar katin ɗan wasa. Ɗaya hancinta ya faɗaɗa. Ɗaya ba ta kai ƙafa biyar da inci biyu ba. Ɗaya ya ce haƙoranta na gaba suna gardama da juna. Ya kai talatin da huɗu, sumar gabansa ta fara ja da baya, amma har yanzu yana zaɓe kamar mai sayen kifi da sassafe.

Sai takardar Shiuli ta zo. Injiniya ce a ofishin wutar lantarki, shekararta ashirin da tara, kuma baƙa ce sosai, abin da takardar ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta amsa. Khala, wato mahaifiyarsa, ta kalli hoton ta taɓe baki. Shi kuwa bai mayar da wannan ba. Ashe ya taɓa ganinta a wani biki a unguwar Sonadanga, janareta ya mutu ana tsakiyar raba abinci, maza takwas sun zagaye shi suna ba da shawara, ita ta tattare gefen sarinta ta durƙusa ta tayar da shi, ta wanke hannu ta koma kan farantinta. Ya ninke takardar ya saka a bayan murfin wayarsa. Sati biyu tana nan. Ban taɓa ganin ɗan'uwana yana son wani abu da ba kati ba sai wannan karon, kuma wallahi na ji daɗi, na ce ko Allah ya kawo mai gyara mana shi.

Ranar Asabar da la'asar muka je ganinta, ni da shi da Khala, da kwali biyu na kayan zaƙi da tukunyar kindirmo mai sukari. Mahaifinta, Mokhles Saheb, tsohon malamin lissafi, ya tarbe mu yana ta gyara matasan kujera da ba su karkace ba. Iyalai huɗu sun riga mu zama a kan kujerun nan, sun ci shingara, irin samosarmu, sun tafi sun aiko da cewa za su yi tunani. Shi ya sa ya kasa barin matasan nan su huta.

Shiuli ta shigo da tiren shayi. Khala ta yi mata kallon da aka saba, daga tsagar gashi har yatsun ƙafa, ta tambaye ta ko ta iya dafa kifin ilish da miyar mastad, ta ce ta iya. Ta tambaye ta ko za ta ci gaba da aiki bayan aure, ta ce za ta ci gaba. Sannan Mokhles Saheb ya yi gyaran murya ya ce a bar yaran su gana na minti goma a baranda, kamar yadda ake yi. Matar yayanta, Parul Bhabi, ta tsaya a bakin ƙofa. Ni kuma Tofa Bhai ya damƙi hannuna ya ja ni, wai in tsaya kusa da tukwanen furanni.

Ya yi kwana uku yana haddar jawabinsa a gabana, don haka na san abin da ke tafe, na fara addu'a a zuci.

"Ina so ki kwantar da hankalinki," ya ce. "Ni ba irin mazan nan ba ne masu kallon fata. Ni ciki nake dubawa. Launi ba komai ba ne a wurina, ko kaɗan bai dame ni ba."

Fankar baranda tana juyawa a samanmu. Shiuli ta ajiye kofinta.

"Na gode, Tofazzal Saheb. Ban dai san akwai abin da za a yafe mini ba."

"A'a, ba haka nake nufi ba. Misali, a ƙwallo akwai wani ɗan tsakiya da nake da shi..."

Parul Bhabi ta rufe baki da gefen sarinta. Ni na sami wani abu mai muhimmanci a cikin tukunyar fure na zuba masa ido.

"Mai sanƙon," in ji Shiuli. "Na san shi. A takardarka, wurin abubuwan sha'awa, ka rubuta cewa kai ne mai ƙungiyar Masanan Boyra."

Sai da ƙirjinsa ya ƙara faɗi. "Kin ji labarinmu?"

"Ni ce Taransifoma."

Na kusa kifar da furen. Taransifoma ya shigo gasarmu bara, ba hoto, ba surutu, yana zuwa ya ragargaji mutane ya tafi. Ni kaina na sha biyar a hannunsa, na yi ta faɗa wa mutane cewa wani yaron jami'a ne marar aikin yi.

"Sau uku muka haɗu da kai," ta ce. "Sau uku aka ɗauke maka wuta."

"Kin san halin Boyra..."

"Na san shi kuwa. Layin Boyra a kan teburina yake. Duk ranar Lahadi in na koma ofis nakan duba, don karon farko har na ji tausayinka. A ranakun nan uku ko ƙiftawa wutarku ba ta yi ba."

Ya ce wayoyin gidansu sun tsufa, wataƙila fis ne ya ƙone.

"Yana yiwuwa," ta ce, ba tare da ko alamar murmushi ba. "Fis yana yin haka. Shi ya sa ban ce wa Abbu, mahaifina, a'a ba tun farko. An ba mu minti goma, wasa ɗaya minti goma ne. Ban damu da wanda zai ci ba. In ka tsaya har alƙalin wasa ya busa tashi, zan shiga ciki in ce musu na amince."

Na kalli ɗan'uwana. Abin da aka nema a wurinsa bai fi ya riƙe waya a hannu ba. Ko yatsa bai motsa ba, ko goma aka zura masa, zai fita daga gidan nan da mata. Na so in raɗa masa haka a kunne, amma ya riga ya zaro wayar yana gyara zama, fuskarsa ta koma ta shagon Mojid.

Aka take wasa. Ya fara fasin ɗinsa na gado, daga wannan ɗan baya zuwa wancan, mai sanƙo yana tsakiya yana hangen nesa. Shiuli ta ƙyale shi ya yi sha tara, na ƙirga. A na ashirin ta ƙwace, ta cilla wa ɗan gefenta, yaron ya wuce 'yan bayan Tofa Bhai kamar motar haya ta wuce masu jiran ta, ya zura.

"Gudu," ya ce yana murmushin dole. "Tseren awaki."

"'Yan bayanka tsofaffi ne, ka kuma tura su har tsakiyar fili," ta ce, idonta a kan waya. "In na gani na ƙi gudu, ni ce jahila."

Ba zan ɓoye ba, wannan maganar ta yi mini daɗi har cikin ƙashi. Shekara uku nake neman ta ban samu ba.

Kafin hutun rabin lokaci ta ƙara ɗaya ta hanyar nan dai. Da aka dawo ya janye 'yan bayansa can gindin raga don ya toshe gudun. Sai ta daina gudu. Ta shiga yi masa fasin gajeru a bakin gidansa, nan, can, nan, irin wanda yake wa'azi a kai bai taɓa iya yi ba, har mai tsaron gidansa ya faɗi gefe guda ƙwallo ta shiga ɗaya gefen tana tafiya a hankali. Uku. Parul Bhabi ta manta aikinta, ta baro ƙofa tana leƙe ta kafaɗar Shiuli.

Kunnuwan Tofa Bhai sun yi ja. Gumi ya jiƙa wuyan sabuwar rigarsa. A raina ina cewa, saura minti biyu da rabi na agogon duniya, Bhai, yi haƙuri, kalli furanni. Ta zura na huɗu a minti na sittin da takwas, da kai, kuma da wani gajeren ɗan wasa.

Na ga babban yatsansa ya tashi. Ban yi tsammanin ya yi shawara da shi ba, domin yatsan ya san hanya shi kaɗai: ya ja saman allo ƙasa, ya taɓa hoton ɗan jirgin sama mai yanke intanet, ya koma wurinsa. 'Yan wasa suka sandare a fili. Bakinsa ma ya bi sahu, da irin muryar nan ta takaici da muka sani.

"Kash! An ɗauke wu..."

Bai ƙarasa ba. Fanka tana juyawa a saman kansa, har tana kaɗa masa ragowar sumar gaba. Daga falo ana jin talabijin, ana jin Khala tana ba Mokhles Saheb labarin yadda ɗanta yake da haƙuri tun yana goye.

Shiuli ta ɗaga kai ta kalli fankar, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta kife wayarta, ta tattara kofunan a kan tire har da nasa da bai sha ba.

"Bhabi, minti goman ya cika ko?"

"Saura biyu," in ji Parul Bhabi a hankali.

"A bar su."

A hanyar komawa mu uku muka matsu a keken haya ɗaya, ni a tsugune a kan katakon ƙafa. Saƙon a'a ya riske mu tun ba mu kai mahaɗar Sonadanga ba, cikin ladabi, daga wayar Mokhles Saheb. Khala ta karanta sau biyu, ta ja tsaki, ta gyara mayafi.

"Su ne ma za su ce a'a? Allah ya rufa mana asiri. Dama ni tun a hoto na ga ta cika duhu. Duk wanda ya tambaya, mu muka fasa. Ko ba haka ba, Tofa?"

Na juyo na kalle shi. Gefen takardarta yana leƙowa daga bayan murfin wayarsa, ya yi laushi saboda yawan buɗewa. Na jira. Cikin haushi da tausayi na ce a raina ko sau ɗaya a rayuwarsa zai tsaya a busa tashi yana ƙasa.

Ya tura takardar ciki da babban yatsansa.

"Haka ne, Ammu," ya ce. "Ta cika duhu."