Birki na Biyu

Babanmu bai taɓa jin tsoron komai ba. Shi ya faɗa, kuma a gidanmu abin da Baba ya faɗa game da kansa ba a musa masa. Malamin koyar da tuƙi ne. Rabin rayuwarsa a kujerar gefe ya yi ta, kusa da mutanen da ba su gama rarrabe birki da totur ba, suna nufar katanga da shi suna salati. Wanda ya ci abinci da wannan sana'a, in ji shi, me ya rage a duniya da zai firgita shi?

Ni ce autarsa, kuma ni ce ɗalibar da yake alfahari da ita. Tun daga ranar da na fara riƙe sitiyari har na karɓi lasisi, ko fenti ban karce ba. Akwai ranar da wani mai amalanke ya faɗo mana titi babu sallama, na tsayar da motar cak, hancinta na shinshinar tayarsa. Wannan labari babu wanda ban ba shi ba a kantin maganin da nake aiki, har masu zuwa sayen maganin mura sun haddace shi.

To, sai hannun Baba ya fara rawa. Da farko kofin shayi ne ke ƙara a kan faranti, daga baya makulli ya ƙi shiga ramin ƙofa. Likita ya ce a ajiye tuƙi. Aka lulluɓe motar da tamfol a tsakar gida, shi kuma Baba ya lulluɓe kansa da shiru a falo. Mutumin da ko fim ake kallo sai ya gyara wa direban ciki tuƙi, "dubi sakarai, ya sha kwana ba sigina," ya koma sai dai "to" da "a'a." Umma ta kai abinci, ta dawo da shi an ɗan taɓa gefe. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, don ban saba ganin ubana ƙarami ba.

Na'urar wasan bidiyon da ke falonmu ta Yaya ce. Da ya yi aure matarsa ta ce ba za ta zauna gida ɗaya da ihun fatalwa ba, sai ya bar mana ita. Ni nake yi da yamma in na taso daga aiki. Wasan na ban tsoro ne: kai kaɗai a wani tsohon otal marar wuta, da 'yar tocila a hannu, kana neman makullan fita, ga wani dogon abu marar fuska yana bin ka yana jan sarƙa.

Wata yamma ina tsere a dogon baranda, sai na ji murya a bayana.

"Kin shiga kwana ba ki duba hagu ba."

Na waiga. Baba ne, ya turo tabarau kan karan hanci.

"Baba, ai bi na ake yi."

"Don ana bin ki sai ki kashe mutane? Kawo nan."

Na miƙa masa rimot ɗin wasan da hannu biyu, kamar mai miƙa jariri. Rabon da in ji ya haɗa magana mai tsawon haka har na manta.

Ban taɓa ganin mai wasa irin Baba ba. A kowace ƙofa sai ya tsaya cak, ya duba dama, ya duba hagu, ya sake duba dama. Ba ya ja da baya sai ya waiga. Maɓallin gudu kuwa ya ce kada ma in nuna masa, wai babu mai hankalin da ke gudu a inda bai san hanya ba. Dogon abin nan ya raɗa masa suna Tirela, saboda ba ya kauce wa kowa kuma ba ya ba da haƙuri.

Karonsu na farko ba zan manta da shi ba. Baba ya buɗe wani kabad a hankali, sai ga Tirela a ciki. Ƙafarsa ta dama ta daki ƙasa da ƙarfin da ta saba taka birkin gefen malami, ta sauka daidai kan makunnin doguwar wayar soket. Talabijin ya mutu ɗif.

Baba ya gyara zama. "Wuta suka ɗauke."

Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Malam, fanka fa tana juyawa."

"Sauran juyinta ne."

Na janye wayar zuwa bayan kujera. Washegari ya taka faranti. Jibi ya taka ni, na kwana biyu ina ɗingishi a kanti. Amma kullum yana nan a kan bakansa, wai shi ba tsoro ba ne, ƙafar ce ke da aikinta.

Matsalar ita ce hannun. Tirela ba ya tsayawa sai an haske shi da tocila a tsakiyar ƙirji, hasken Baba kuwa sai ya yi silin, ya yi bango, ya yi ko'ina ban da ƙirjin. A wani lungu guda Tirela ya yi ta kama shi, yau, gobe, jibi. Rannan bai ce a sake ba. Ya ajiye rimot a cinya, ya ɗaga hannun yana kallon yadda yake kaɗawa shi kaɗai.

"Ko wasan yara ma," ya ce a hankali, ya tashi ya shige ɗaki.

Na san in ya koma cikin shirun nan karo na biyu, ba lallai in sake samun ƙofar da zan fito da shi ba.

Yana shiga na buɗe saitin wasan. Mataki uku ne: mai wuya, matsakaici, da mai sauƙi ga wanda ya so. A mai sauƙin, Tirela tafiya yake kamar an yi masa lodin siminti yana hawan tudu, hasken tocila ya fi faɗi, kuma ko ya cafke ka sai ya sake ka ka ƙara gwadawa. Na danna. Sai dai waɗanda suka ƙera wasan, Allah ya shirye su, ba su iya taimako ba tare da gori ba. Ɗan hoton kwalbar madarar jarirai ya fito a kusurwar ƙasa ta talabijin, ya zauna daram. Na yi juyin duniya ya ƙi gogewa. Na ɗauko tulun furen roba na Umma na dasa a gabansa.

Da ƙyar na lallaɓo Baba washegari. Ya zauna yana cin magani, ya shiga lungun, Tirela ya taho yana jan ƙafa, haske ya same shi a ƙirji, ya ƙame. Baba ya wuce ta gefensa a nutse, har da ɗaga masa hannu.

"Kin gani? Haƙuri. Duk babbar mota in ka ba ta lokaci za ta nuna maka inda za ka bi."

Daga ranar gida ya dawo gida. Baba ya koma wanka da wuri, ya sa riga mai guga, ya tsaya bakin ƙofa yana jiran in taso. Ya koma cinye abinci har da neman ƙari. Mai aski ya sha labarin Tirela, maƙwabcinmu ya sha, mai gyaran famfo da ya zo aikin rabin awa sai da ya yi yini. Ni kuma na zama mai gadin tulun fure. In Umma ta zo shara, ni ke karɓar tsumma in ce ta huta, har ta fara tambayata ko lafiya.

Sai Yaya ya kawo ziyara.

Yayana mutumin kirki ne, amma duk abin da ya shiga idonsa ta baki yake fita, ba ya ko tsayawa gaisawa da ƙwaƙwalwa. Baba ya zaunar da shi don ya ga gwaninta. Yaya ya kalla, ya karkata kai.

"Wai ya na ga dodon nan yana tafiya kamar mai ciwon gwiwa?"

Na yi tari. Na ƙifta masa ido har idon ya yi ruwa.

"Auta, me ya shiga idonki? Kuma wa ya ajiye fure a gaban talabijin?" Ya miƙa hannu ya ɗauke tulun. "Au! Ashe na jarirai ne! Baba, ai wannan ko ka ajiye rimot ka je ka dawo, ba abin da zai same ka."

Sarƙar Tirela na ta ƙara a talabijin. Baba ya matsa kusa, ya daɗe yana duban 'yar kwalbar. Sannan ya dube ni.

"Jar alamar 'yan koyo kika manna mini a baya, ina yawo da ita a gari ban sani ba."

"Baba, ni dai..."

"Mai aski. Har mai aski na gaya wa." Ya miƙo mini rimot. "Mayar da shi mai wuyar. Can ƙarshe."

Na mayar. Bai kai ƙofar farko ba aka kama shi. Ya sake, aka kama shi yana cikin duba hagu. A na gaba ma ban ga ta inda Tirela ya fito ba. Baba ya ajiye rimot a kan tebur a hankali, yadda ake ajiye kayan aro, ya fita. Umma ta bi Yaya da ludayi har bakin ƙofa, ya tafi yana tambayar me ya yi.

Shirun ya dawo, har ya fi na da nauyi, don wannan da hannuna na jawo shi. Kwanaki ina gaishe shi yana amsawa da ka.

Wata yamma na dawo na same shi a tsakar gida kan kujerar roba, kusa da motar da ke lulluɓe. Na zo da niyyar ba da haƙuri, har na tsara kalamai a hanya. Amma ni ma 'yar ubana ce, bakina bai iya lanƙwasa ba.

"Baba, don Allah mene ne abin kunya don an sauƙaƙa wa mutum abu? Kowa da inda yake buƙatar taimako. Ai ba kowa ne zai zama kamar ni ba, da na koyi mota ban taɓa..."

Wani sauti ya fito daga hancinsa. Na ɗauka tari ne. Ashe dariya ce, ta taso tun daga ciki har kafaɗunsa na girgiza, har ya cire tabarau yana share ido.

"Ɗaga tamfol ɗin nan," ya ce. "Buɗe gefena. Leƙa ƙasa."

Na leƙa. Birki na biyu yana nan a gaban kujerar malami. Robar kansa ta cinye, ƙarfen ya yi sumul yana ƙyalli.

"Sabuwa ce fil lokacin da kika fara," in ji Baba.

"Amma ranar mai amalanke..."

"Ranar mai amalanke idonki a rufe yake, ƙafarki na kan totur, kina kiran Ummanki."

Na tuna duk mutanen da na tsare da labarin nan a kanti, da hannu da ƙafa ina kwatantawa. Kunya ta rufe ni, haushi ya biyo baya.

"Shi ne ba ka taɓa gaya mini ba? Ka bar ni ina ta cika baki a gari?"

"In na gaya miki a ranar, da kin sake taɓa sitiyari?"

Ina jin shi ma ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya dubi hannunsa da ke rawa a kan gwiwa, ya dafe shi da ɗayan.

"Ban san haka ɗaya kujerar take ba," ya ce can. "Ba daɗi." Ya mayar da tabarau, muryar malami ta dawo. "Amma ke ma aikinki bai yi kyau ba. Mai taka wa wani birki ba ya bari a ga ƙafarsa. Tulun fure! Wa ya koya miki wannan?"

Ya buɗe aljihun motar ya ɗauko baƙin salatif na gyaran waya, ya wuce falo ina biye. Ya yanko guntu da haƙori, don almakashi ba ya zama a hannunsa yanzu, ya manna a kusurwar talabijin inda 'yar kwalbar ke fitowa, ya danne da babban yatsa.

"Gilashin ya tsage a nan," ya sanar da Umma, wadda ba ta tambaya ba. "Kada kowa ya taɓa. Har da ɗanki." Ya juyo gare ni. "Zan je in sha ruwa. Zan ɗan daɗe. Abin da ya faru a bayana ban sani ba, ba na kuma son sani."

Ya daɗe kuwa. Ina jin sa a kicin yana gyara wa Umma yadda ake jera kofuna. Da ya dawo na riga na mayar da wasan mai sauƙi, na koma can kujerar nesa na naɗe hannu kamar baƙuwa.

Ya zauna, ya ɗauki rimot, ya duba dama, ya duba hagu. Can ƙarshen baranda sarƙa ta fara ƙara, a hankali, kamar mai hawan tudu da lodi. Bai waiwayo ba, ya dai bubbuga kujerar da ke gefensa da hannun nan mai rawa.

"Wa ya ce ki zauna can? Dawo nan kusa, Malama."

Na taso. Na zauna a gefensa, na tura ƙafafuna can ƙarƙashin kujera.