Gambiarrar Seu Anacleto

A birnin São José dos Campos kowa ya san gambiarra, wato gyaran dabara da duk abin da hannu ya samu, amma ba wanda ya kai Seu Anacleto iya ta. Ya taɓa tayar da motar burodi da cokali mai yatsu. Da wannan hannun ya kafa ƙaramar masana'antar sassan mota da 'yarsa Valdirene take gudanarwa yanzu.

Kasuwar mota ta ja baya, ma'aikata sun fara duban ƙofa. Shi ya sa Valdirene ta shiga shirin haɗin gwiwa: gwamnatin jiha ta ba su aron na'urar awo, jami'a ta turo Farfesa Marilda ta koya musu ƙa'ida, wani kamfanin ƙera jiragen sama kuma ya ba su aikin gwaji, ƙarafan da ke riƙe ma'ajiyar kaya a saman kawunan fasinjoji. In sun ci, sun shiga sahun masu kai wa kamfanin kaya. In sun faɗi, sai rufewa.

Ranar dubawa Farfesa Marilda tana jera ƙarafan, sai ta ɗaga ɗaya ta kai shi wajen taga. Gefensa ya fi na sauran sheƙi.

"Wa ya taɓa wannan?"

Seu Anacleto ya matso yana murmushi, shi a dole yabo za a yi.

"Ni ne, Farfesa. Injin ya bar masa ɗan kaifi, na bi shi da magagari. Auna ki gani."

Ta auna. Daidai yake, ko gashi bai kauce ba.

"To?" ya ce.

"Aikinka ya yi kyau, Seu Anacleto. Guda nawa ka bi haka?"

"Wa ke ƙirga alheri? Duk wanda na ga yana so."

Valdirene ta dubi jerin ƙarafan. Ta san ƙa'idar: ƙarfen jirgi ba a yi masa abin da ba a tsara ba, in kuwa an yi kuma ba a san wanne da wanne ba, duka sun tashi aiki.

"Haba Farfesa, jirgin ne zai san hannu ya taɓa shi?" in ji tsohon. "Ku 'yan jami'a ko ƙwai za ku soya sai kun kira taro."

Farfesa ta yi dariya, amma ba ta sauka daga kan bakanta ba. Ta ce kamfanin ba ƙarfe mai kyau kawai yake saya ba, yana son na bana da na baɗi su fito iri ɗaya ko wa ke bakin aiki. Za ta roƙa musu gwaji na biyu, na uku kam babu.

Garin neman gira an tashi rasa ido. Haushi ya kama Valdirene, tausayi kuma ya fi haushin yawa, don ta san hali zanen dutse ne: muddin uban nan yana kusa da inji, sai ya gyara. Ta same shi a bayan masana'antar yana shan kofi.

"Baba, daga Litinin ofis za ka zauna."

"In yi me a ofis, 'yar nan? In yi gadin fanka?"

"Ka karɓi baƙi."

"Korata kike yi."

"Layin rawayan nan da ya raba ofis da injuna kawai nake so kar ka tsallaka. Mutanen nan da iyalansu suna wuyana, Baba."

Ya shanye kofinsa ya tafi gida.

Ranar Litinin ya zo da riga mai guga, ya tsaya a ƙofar ofis. Wajen hantsi babban injin ya fara wani ɗan kuka. Valdirene ta ga kan uban ya ɗago, ta san ya riga ya gane ciwon, gyaran da ba zai ɗauke shi shan ruwa ba. Ya tako har bakin layin rawaya. Mai kula da injin ya kashe shi yadda Farfesa ta koya musu, ya tafi kiran injiniya.

Seu Anacleto ya dubi injin, ya dubi 'yarsa, ya cusa hannayensa biyu cikin aljihu.

"Akwai baƙon da zan karɓa?" ya tambaye ta.

"Babu tukuna, Baba."

"To zan jira."