Takardun Yaya a Cikin Wasa

…sittin da uku. Ya sake dubawa, ko lambar za ta ji tausayinsa ta ragu. Mutum sittin da uku suka sauke kafin ya goge. Goge me? Nasa dai ya goge. Na cikin kwamfutocin mutane fa, wa zai bi su gida-gida?

Sukudireba a hannu. Kwamfutar Yaya, yayar matarsa, a kife kan tebur, ciki a buɗe. Shago na warin dalma. Fanka na ta juyi, gumi bai san tana yi ba.

Shi fa. Shi ne shugaban zauren intanet na masu gyara da 'yan wasan kwamfuta, mutum dubu biyu da ɗoriya, Alƙali suke ce masa, sunan na yi masa daɗi har ƙashi. Doka ta ɗaya da yatsunsa ya rubuta: kayan kwastoma amana ne, wanda ya watsa ya bar zaure. Bara ya kori Gajere a kan hoto ɗaya tak. Kwana uku ana gardama — a yi masa gargaɗi mana, kuskure ne, yana da iyali — shi kuwa ya harɗe ya ce hannu ba ya kuskure sai zuciya ta yarda. Ka ji fa. Mai dokar barci…

Mugun sabo ne. Kafin ya wanke kowace kwamfuta sai ya kwashe kayan mai ita ya zuba a faifansa, duk inda ya samu wuri, wai zai shirya daga baya. Daga baya! Na Yaya cikin jakar sabon wasan ƙwallon nan ya jefa. 'Yan zaure suka ishe shi, Alƙali a ɗora mana, a ɗora mana — ya dunƙule jakar ɗungurungum ya ɗora. Ko leƙawa.

Kuma wa ya kira shi ɗazu? Gajere. Har wurinsa abin ya kai, shi da ba ya ciki. “Oga, akwai takardun asibitin wata a wasan nan. Cire da wuri.” Ko dariya bai yi ba, ɗan banza. Da ma zagi ya yi, da an samu na riƙewa.

Ya buɗe… ai dole ya buɗe. Sunanta. Hotonta. Hoton ƙirji, da ranar da za a yi mata aiki. Ciwon da ko ƙanwarta ba ta faɗa wa ba. Ashe shi ya sa ta zube haka. Ashe shi ya sa ta rungumo kwamfutar da kanta — ƙanena, ba na son hannun bare a kanta. Yayar da ta tsaya masa lokacin da dangi ke cewa ba sa ba mai kwance-kwance mata.

Ya yi shiru kawai? Wa ya san ta a zaure… ƙarya kake. Ɗan maƙwabcinta na ciki. Direban ofishinsu na ciki, bakinsa ba ya riƙe magana, ko wake ba ya jiƙuwa a ciki.

Ga ta can tana tsallako titi. A hankali, tana tsayawa. Da ma haka take tafiya, shi ne idonsa ke kan allo? Ta hango shi, ta ɗaga hannu da murmushi. Ya ɗaga nasa.

Da wanne zai fara — na watsa, ko sannu da jiki?

Duk wanda ya faɗa a cikin biyun, ya faɗi ɗayan ke nan.