Lamba Ɗaya a Bangon Fada

"Goge shi," in ji sakataren fada. "Gobe manyan baƙi za su zo, sai su karanta cewa masunci ne ya kafa mana sarauta? Ka fara daga ɗansa."

Mai fenti yana kan tsani, buroshi na ɗiga. Kwana uku ke nan yana rubuta sunayen sarakunan garin a bangon zaure, su goma sha huɗu. Na farkonsu Mai-Taru ne, wanda ya fara kafa bukka a bakin tafkin. Zuriyarsa ce ta rabu biyu, wasu suka hau karaga, wasu suka tsaya a kwalekwale. Su na kwalekwalen yau ko zauren ba a bari su taka, wai suna ƙarni.

Abin ya ci masa rai, don shi ma ɗan unguwar masunta ne. Amma ya goge. Da ya koma gida ya faɗa wa innarsa, ko ɗagowa ba ta yi daga kifin da take gyarawa ba.

"Shafe sunan kawai za ka yi, ɗan nan. Kada ka ba kowa wurinsa."

* * *

Washegari da aka yaye ƙyallen da ya rufe bangon, kowa ya ga lamba ɗaya tsaye ita kaɗai, gabanta fayau. Sakatare ya fara gumi tun ba a tambaye shi ba.

Sarki ya gyara tabarau. "Fentin ne ya ƙare?"

Mai fenti ya san ya riga ya shiga ruwa. "Ranka ya daɗe, mai wurin aka ce yana ƙarni."

Sai daga waje, inda masunta suka yi cincirindo cikin rana, wata tsohuwa ta kira sunan Mai-Taru, sauran suka amsa gaba ɗaya.

Sarki ya daɗe yana duban bangon. "In kakana yana ƙarni, ai ni ma na gada. Hau ka rubuta shi. Ku buɗe musu ƙofa."

Mai fenti bai taɓa rubutu da daɗin rai irin na ranar ba. Da ya sauko ya tarar da innarsa zaune kan shimfiɗar fada, sakatare na janye bakin rigarsa daga kusa da ita. Ba ta ma lura ba. Bango take kallo, ita da ba ta san ko harafi ɗaya ba.

"Wanne ne namu?"

"Na can sama, Inna."