Wuyan Rigar Sulke

"Baba Tela, rufe kunnenka da kyau," in ji Injiniya, tana gyara masa abin toshe kunnen da ya saka a karkace. "Kada gobe ka ce mu muka kurmantar da kai."

Ya yi dariyar yaƙe. Shekara da shekaru yana ɗinka wa masana'antar nan rigunan da ake zura farantin ƙarfe a cikinsu, amma bai taɓa ganin an harbi ko ɗaya ba. Shi dai nasa yanka da ɗinki. Yau kuwa Injiniya, matar da ke tsara farantan, ta nace sai ya zo rumfar gwaji da kansa.

Doguwar rumfa ce, ƙarshenta tulin rairayi. A gaban tulin an kafa mutum-mutumi na yumɓu, an sanya masa rigar da Tela ya ɗinka da hannunsa, an kuma kafa farin kwali a ƙarƙashin haɓarsa. Ƙirjin abin ne ya tsaya masa a rai. Faɗinsa kusan ɗaya da na Auta, 'yarsa mai tuƙa motar asibiti, wadda aka mayar da ita hanyar da ake yawan tare motoci. Daga cikin rigunan nan za a ba ta tata.

Saje, tsohon sojan da ke harbin gwajin, ya jera harsasai a kan tebur kamar mai tallar kayan koli.

"Wannan gajeren shi ne gama-gari," ya ce. "Wannan siririn kuwa, kada ka raina shi, gudu gare shi kamar tsegumi. Mai baƙin kan nan, sai mun zo kansa."

Suka koma bayan gilashi mai kauri. Saje ya kwantar da kunci a kan bindiga, ya ja kunama.

Tela bai ji ƙarar a kunne ba, a haƙarƙari ya ji ta. Rigar ta yi tsalle ta koma. Da aka ba da izini suka ƙarasa, Injiniya ta zaro farantin ta miƙa masa. Ya juya shi gaba da baya yana neman rami. Babu. Sai wani tabo mai ruwan toka, mai zane-zane kamar fure, inda fenti ya ɓare.

"Ina harsashin?" ya tambaya.

"Ya zama gari, Baba."

Ya shafa tabon da ɗan yatsa, ya ji ɗumi. Abin da ke ratsa ƙofar mota, ya zo nan ya watse kamar an jefi bango da curin ƙasa.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ƙarfe ma da na gaba da shi."

Siririn harsashin ya fi kaifin ƙara. Wannan karon farantin ya loɓa kaɗan, lotsawar da ba ta wuce a ɗora ƙwayar gero a ciki ba, amma bai fashe ba. Tela ya fara murmushi, har yana shirin yi wa Saje ba'a, sai Injiniya ta kama hannun rigarsa.

"Ba farantin na kira ka ka gani ba. Ɗaga kai."

Ya ɗaga. Farin kwalin da ke ƙarƙashin haɓar ya zama rariya. Ƙananan ramuka birjik, wasu da barbashin tagulla maƙale a ciki suna ƙyalli. Wuyan rigar kuwa, inda ya yi ninki biyu ya bi da ɗinki mai kyan gani, ya yage ya yi gashi-gashi.

"Idan harsashin ya fashe a kan ƙarfen, gefe yake fantsama," in ji ta. "Ƙasa, dama, hagu, da sama. Na shafa wa farantin roba mai kauri, ta tare da yawa, amma ba duka ba. Sauran aikin yadi ne, ni kuma ban san dawar yadi ba."

Tela ya kai hannu ya taɓa maƙogwaronsa bai sani ba.

Mai baƙin kan aka harba daga ƙarshe. Ƙararsa ba ta bambanta da sauran ba, rigar ma da ƙyar ta motsa. Amma da Injiniya ta ɗaga farantin sama, sai ga haske ya leƙo ta wani rami zagayayye, sumul, kamar an huda fata da basilla.

"Wannan ba mu yi wa kowa alkawarinsa ba," ta ce. "A jikin farantin ma mun rubuta."

"Shi wannan sai addu'ar uwa," in ji Saje, yana kwashe kwanson harsashi.

Tela ya daɗe yana kallon ramin. Sannan ya juya ga yagaggen wuyan. Wancan ya fi ƙarfinsa. Wannan kuwa gonarsa ce.

"Yadin nan mai tauri da kuka ce yana karya allura, akwai saura?" ya tambayi Injiniya.

"Akwai bandir guda."

"A sa min a mota. Da rigar nan, yadda take. A kuma dakatar da sauran rigunan, kada ko ɗaya ta fita."

Da la'asar Auta ta biyo ta shagonsa cikin kayan aiki, ta same shi ya farke wuyan rigar, allurai karyayyu zube a gefen keken ɗinki.

"Baba, yaya gwajin? Ƙarfen naku ya yi abin kirki, ko in nemi murfin tukunyar Mama?"

"Ya yi," ya ce. "Zo nan."

Ya ciro tef ɗin awo daga wuyansa. Ta tsaya tana dariya, tana cewa ai ya san awonta tun tana rarrafe.

"Na san na kafaɗa," ya ce. "Ɗaga haɓarki."

Ta ɗaga. Ya zagaya tef ɗin a hankali, sai ɗan yatsansa ya sauka a kan jijiyar wuyanta. Jijiyar tana bugawa, a ƙarƙashin fatar da ba ta kai kaurin atamfa ba. Ya tsaya cak.

"Baba, ka manta lambar ne?"

"Tsaya dai," ya ce. "Kada ki motsa."