Sunan da Aka Ɓoye wa Lawali

Kumburin ya fito wa Lawali a gefen wuya, kuma ko kaɗan ba ya ciwo, shi ya sa kowa ya raina shi. Lawali malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a unguwar Lazaret, ɗan Tawa. Ya ce kaluluwa ce, za ta baje. Matarsa Balkissa ce ke shanya katifa kowace safiya saboda gumin da yake jiƙa ta da shi, ita ce ta ƙara wa bel ɗinsa huda saboda rama. An sha maganin masassara har an gaji.

Da aka yanki ɗan nama a wuyan aka gwada, likita ya kira Balkissa da Yaya Garba, wan Lawali da ya raine shi tun rasuwar ubansu. Ya ce limfoma ne, ciwon daji na ƙwayoyin kaluluwa masu tare wa jiki cuta. Irin wannan yana jin magani, in dai an yi ƙarin ruwan shimiyo, maganin daji, zagaye shida ba tsallake.

Yaya Garba ya roƙi likita ya bari dangi su faɗa masa da bakinsu. Suna fitowa ya tare Balkissa a baranda.

"Kada sunan nan ya shiga kunnensa. Innarmu ranar da ta ji shi ta daina cin abinci. Kin ji ko, Balki?"

"Yaya, ai jikinsa ne."

"Ni na raine shi. Ki ce kin ji."

Ta ce ta ji. Me za ta ce? A gidansu ba a gaya wa mara lafiya ciwonsa, sannu ake yi masa, a ce da sauƙi, ko da kuwa ana auna masa likkafani.

To maganin nan mugu ne, amma yana aiki. Zagaye biyu kacal kumburin ya narke kamar ba a taɓa yin sa ba. Gashi ma ya bi shi, ga amai, ga baki duk gyambo. Yaya Garba ya shafa wuyan ƙanensa ya yi hamdala, ya sayo rago, aka yanka, Balkissa ta dafa, aka raba wa maƙwabta har unguwar Goudel. Mata suna shigowa barka, masu Zabarmanci na fofo, masu Hausa na sannu, Balkissa tana zuba musu nama zuciyarta kamar ta fashe.

Da baƙi suka watse ta kira mijin yadda ake kiran malaman lakwal, ta ce, "Mushe, saura zagaye huɗu fa."

Ya yi dariya. "Haba Balki. Kaluluwar da ta tafi zan ci gaba da shan guba dominta? Dubi kaina, yara sai su ɗauka sabon malami aka kawo."

Sunan ya zo mata har bakin leɓe. Ta hango Yaya Garba a tsakar gida yana alwala, ta haɗiye. Ta yi naci, ta yi kuka, ta yi fushin kwana da kwanaki, amma duk abin da ta faɗa ba shi da nauyi tunda babu sunan a ciki. Lawali ya koma aji da allinsa.

Bayan damina abin ya dawo, a wuya, a hammata, har cikin ƙirji, numfashi da ƙyar. Wannan karon likita bai nemi kowa ba, shi Lawalin ya fuskanta kai tsaye.

"Mushe Lawali, mutum mai ilimi kamarka, ka san daji gare ka, ka bar magani a tsakiya? Yanzu ya yi taurin kai. Za mu gwada, amma ba kamar da ba."

"Daji?" Lawali ya ce. "An ce mini kaluluwa ce."

Bai kalli likita ba. Balkissa ya kalla, ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya fuska bango.

Ta fito baranda. Yaya Garba yana zaune da carbinsa, ya taso da sauri, ya rage murya.

"Ko me likita ya ce, kada dai a gaya masa."

"Ya riga ya ji, Yaya," ta ce. "Ku shiga, ku zai yi wa magana. Ni ba zai yi mini ba, ni ce matar da ta san sunan ta kuma dafa ragon."