Buhunan da Ba Su Taɓa Shiga Sito Ba

Abdulfatah ya yi karatun kwamfuta a Kazaure, ya dawo Gumel ya yi ta yawon neman aiki har takardunsa suka fara cinyewa ta gefe, bai samu ba. Da ya gaji sai ya share zauren gidansu, ya zauna ya rubuta manhaja tasa ta kansa, irin wadda ake ɗora wa kwamfutar tebur ta yi aiki ko babu intanet. Abu ɗaya ta iya: riƙe adadin kayan da suka shiga sito da waɗanda suka fita. Wani mai sayar da taki a Gagarawa ya karɓa, haka ma wani mai kemis a nan cikin Gumel. Amma wanda ya sa aka fara jin sunan Abdulfatah shi ne Alhaji Ɗantsoho na Maigatari, mai sayen riɗi da zoɓo yana loda wa manyan motoci zuwa kudu.

Akawun Alhaji, Malam Sha'aibu, mutumin garin Sule Tankarkar ne. Ya haura hamsin, kuma tun Alhaji na da rumfa ɗaya a kasuwa makullai ke hannunsa. Bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Abdulfatah ne ya zauna da shi ya koya masa, da yatsa ɗaya yake rubutu, harshensa a waje kamar mai zare ƙaya. Daga nan suka saba. Duk ranar da Abdulfatah ya je Maigatari, sai Malam Sha'aibu ya aika an sayo musu balangu.

Matsalolin farko ba su tayar wa Abdulfatah hankali ba. Manhajar ta ƙi buɗewa saboda wani fayil da kwamfutar ba ta da shi, ya kwafo shi a filas, 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, ya saka. Kwanan wata ya riƙa fitowa a birkice, ya gano daga Damagaram aka sayo kwamfutar, da Faransanci aka saita ta, ya gyara. Sai kaka ta yi, riɗi ya fara shigowa, Malam Sha'aibu ya kira shi.

"Malam Abdul, abar nan taka tana ƙamewa. Musamman ranar Alhamis, in kasuwa ta cika."

"Ƙamewa kamar yaya, Malam?"

"In na danna wurin adanawa sai ta tsaya cak, allon ya yi fari-fari. Sai na jira, na sake dannawa, can sai ta farfaɗo."

Abdulfatah ya gwada a tasa kwamfutar, ta yi aiki sumul. Ya je Maigatari ranar Asabar ya gwada a ta sito, nan ma lafiya lau. Ya taɓa jikinta ya ji zafi, ya ce a kafa mata fanka, a riƙa kashe ta in za a tafi sallah. Da haka ya ɗauka an wuce wurin.

Ƙarshen kaka Alhaji da kansa ya kira shi, muryarsa cike da godiya.

"Allah ya yi maka albarka, yaro. Na'urarka ta kama min ɓarawo."

An zube buhunan da ke sito an ƙirga, aka ga ba su kai abin da kwamfuta ta nuna ba, giɓin ya kusa rabin mota. Alhaji bai kai maganar ga hukuma ba. A gaban 'yan dako da direbobi ya kira Malam Sha'aibu ya karɓi makullai. Aka ce mutumin bai yi gardama ba, rantsuwa ɗaya ya yi, ya ɗauki butarsa da dardumarsa ya tafi tasha.

Abdulfatah ya kasa sukuni. Ya san ana sata, ya san kuma fuska ba ta nuna ɓarawo. Amma ya kasa haɗa wannan aiki da mutumin da yake mayar wa mai shayi canjin da ya yi masa yawa. Ya buɗe rubutun manhajar ya bi shi layi-layi tun daga farko. Ya zuba mata sunayen ƙarya da buhunan ƙarya, ya zare mata wuta tana tsakiyar aiki, ya juya kwanan wata gaba da baya. Kowane lokaci jimilla ta fito daidai. Har ya fara fatan kada ya ga komai, sannan ya ji kunyar wannan fatan.

Sai ya tuna da zancen ƙamewa. Tasa kwamfutar sabuwa ce, mai sauri, ba ta san jira ba. Ya je wani shagon buga takardu ya ari wata tsohuwa da aka jingine a lungu, ya ɗora manhajar, ya cika ta da bayanai kamar na kaka guda, ya bar ta a zaure rana na dukan kwanon rufi. Bayan azahar ya shigar da buhu goma ya danna maɓallin adanawa. Allon ya yi fari. Ya jira kaɗan, ya sake dannawa kamar yadda Malam Sha'aibu ya ce yana yi. Da ta farfaɗo, layi ɗaya ta nuna, buhu goma, daidai. Amma jimillar da ke ƙasa ta ƙaru da ashirin.

Ya maimaita, aka sake samun haka. Wato duk Alhamis ɗin da dattijon ya ƙosa ya sake danna maɓallin, manhajar takan ƙirƙiro buhunan da babu jakin da ya taɓa ɗauko su, ta jibga a wuyansa.

Matarsa Khairiyya ta leƙo ta ga kwanon abincin yana nan a rufe yadda ta ajiye.

"Baban Muhsina, lafiya?"

"Malam Sha'aibu bai ɗauki komai ba. Aikina ne ya yi ƙarya."

Ta zauna a bakin tabarma. "Yana gyaruwa?"

"Layi uku ne kawai. Har na gyara."

"To sai ka je ka faɗa wa Alhaji."

"In na faɗa, babu mai sake karɓar aikina daga nan har kan iyaka."

"Na sani," in ji ta. Ta buɗe masa kwanon ta koma cikin gida.

Washegari ya shiga motar Maigatari. Abin da yake bukata shi ne tsohuwar kwamfutar sito, ya tattara layukan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ya nuna wa Alhaji ba su yi daidai da jimillar ba. Da ya shiga ofis sai ya tarar da sabuwa fil a kan tebur, da sabon akawu, wani Shehu. Alhaji ya ce ba ya son komai da hannun wancan mutumin ya taɓa. An kwafo manhajar kaɗai an fara sabon lissafi, tsohuwar an goge ta tas an ba wani direba, ya ƙetare da ita Nijar. Kuma Abdulfatah bai taɓa sa wa manhajar hanyar ajiye kwafi a wani wuri ba. Ya sha cewa zai yi.

Alhaji yana kan kujera a ƙofar sito, ana ɗinke buhuna a gabansa. Abdulfatah ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi bayani dalla-dalla. Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a nuna masa. Suka shiga ofis. Abdulfatah ya shigar da buhu goma, ya danna, kafin ya ɗaga yatsa ta adana. Ya sake, ya sake. Sabuwar kwamfuta ce, bayanan cikinta kaɗan ne, ba ta da dalilin ƙamewa.

"Ranka ya daɗe, akwai wata a gida da take nunawa. Bari in ɗauko ta."

"Wadda ka shirya da hannunka?"

"Wallahi, Alhaji, gaskiya nake faɗa."

"Ranar da ka kawo min abin nan, a nan wurin ka tsaya ka ce mutum yana kuskure, ita ba ta yi. Yau kuma ka ce ita ce ɓarauniya. Wanne zan ɗauka? Na san kuna cin nama tare da Sha'aibu. Tausayi abu ne mai kyau, amma kada ka ɓata sana'arka saboda shi."

"To a bar ni in sa gyaran, kada abin ya sake faɗa wa wani."

"Kada ka taɓa ta. Yadda take haka nake son ta."

Abdulfatah ya ja Shehu gefe ya ce ko ta ƙame kada ya danna sau biyu. Shehu ya ce to, idonsa na kan Alhaji.

Mai takin Gagarawa ya yarda aka sa gyaran, ya yi godiya, bayan mako ya sa aka cire manhajar gaba ɗaya ya koma biro da takarda. Mai kemis ya ji labari a wurin direbobi, ya daina ɗaga waya.

Tafiyar Sule Tankarkar Abdulfatah ya bari ƙarshe, don ita ya fi tsoro. Ya sami Malam Sha'aibu a ƙofar gida yana tufkar igiya, ya rame, gemun ya yi fari sosai. Labarin zargin sata ya riga dattijon isowa gida. Makullin ma'ajiyar masallacin unguwa da yake riƙewa an karɓe da dabara, an ce a hutar da shi.

Abdulfatah ya faɗa masa komai, kansa a ƙasa. Dattijon ya dakata da tufkar ya dube shi.

"Wato da na yi haƙuri ban sake dannawa ba, da ina nan a wurin aikina."

"A'a, Malam. Kowa ya ga abu ya tsaya zai sake dannawa. Ni ya kamata in tsare wannan."

"Alhaji ya yarda?"

"Bai yarda ba."

"To." Ya ci gaba da murza igiyar. Can ya ce, "Akwai maƙwabtana biyu, ka faɗa musu da bakinka."

Aka kira su. Abdulfatah ya yi iya ƙoƙarinsa, ya kwatanta da mai awo da ya zuba mudu ɗaya ya ƙirga biyu. Suka riƙa gyaɗa kai cikin ladabi. Da ya gama, babban cikinsu ya ce Allah ya saka masa da alheri da ya taso tun daga Gumel don ya rufa wa mutum asiri, ba kowane yaro zai yi haka ba. Suka yi sallama suka tafi.

Malam Sha'aibu ya sa aka kawo fura, ya matsa masa sai da ya sha. Ya raka shi har bakin titi, ya tsaya tare da shi har mota ta zo, bai sake tayar da maganar ba.

Yanzu Abdulfatah yana da ɗan tebur a kasuwar Gumel, yana gyaran waya da tura wa mutane karatu da waƙoƙi. Gyararriyar manhajar tana cikin filas a aljihunsa, babu inda take aiki. Ta Maigatari tana nan yadda take, bayanai na ƙaruwa a cikinta kowace kasuwa. Malam Sha'aibu bai sake samun aiki ba. Da damina ta faɗi ya koma gonar da ya gada, shi kaɗai yake nomanta.